Bayo'infomatiks a Jami'o'inmu: Tambayoyi da Amsoshi Kan Horo da Injunan Bincike

Tambayoyin nan su ne suke ta dawowa duk lokacin da aka zauna da ɗaliban digiri na biyu da na uku, ko ƙananan malamai na sassan kimiyyar halittu, likitanci da aikin gona. Wasu kuma daga shugabannin sashe suke fitowa, musamman idan lokacin rubuta takardar neman tallafi ya zo. Na tara su wuri guda, na fara da na sabon shiga, na gangara zuwa na mai riƙe da kasafin kuɗi.

Wai mene ne bayo'infomatiks ɗin nan da ake ta faɗa?

Amfani ne da kwamfuta da lissafi wajen fahimtar bayanan da ake cirowa daga jikin halittu, musamman DNA. Shi DNA tamkar rubutu ne da haruffa huɗu kacal, A, C, G da T. Na ɗan'adam ya kai haruffa kusan biliyan 3, na ƙwayar zazzabin cizon sauro kusan miliyan 23, na ƙwayar tarin fuka miliyan 4.4, na korona kuwa bai wuce dubu 30 ba. Injin da yake karanta DNA ba ya karanta shi a jere daga farko zuwa ƙarshe. Yayyanka shi yake yi gutsi-gutsi, ya miƙo maka miliyoyin guntaye a hargitse, kamar a kekketa littafi a zuba maka a kwando a ce ka haɗa. Haɗa guntayen nan, da kwatanta su da na wata halitta, da gano inda harafi ya sauya, shi ne aikin.

Kada a raina sauyin harafi ɗaya. Ciwon sikila, wanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da shi, asalinsa harafi ɗaya ne da ya sauya daga A zuwa T a cikin ƙwayar gadon da take ƙera jan jini.

To mu a nan me ya haɗa mu da shi? Ba aikin Turawa ba ne?

A shekarar 2018, lokacin da zazzabin Lassa ya yi ƙamari a Najeriya, hankali ya tashi ko wata sabuwar ƙwaya ce ta ɓullo mai saurin yaɗuwa tsakanin mutane. An karanta ƙwayoyin cutar daga jinin marasa lafiya, wasu a asibitin koyarwa na Irrua a jihar Edo da ɗan ƙaramin injin MinION da bai kai girman wayar hannu ba, wasu a cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede a jihar Osun. Sakamakon ya nuna yawancin masu cutar kowa daga ɓera ya ɗauka, ba daga ɗan'uwansa ba. Wannan amsa ita ta nuna inda ya kamata a karkata ƙarfi. Ita cutar ma sunanta daga garin Lassa na jihar Borno ya samo asali, inda aka fara gano ta a 1969. Cibiyar ta Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ita ce kuma ta fitar da jerin haruffan korona na farko a nahiyar Afirka a watan Maris na 2020.

A ɓangaren noma abin ya fi kusa da tukunyarmu. An fitar da kundin ƙwayoyin gadon dawa a 2009, na gero a 2017, na wake a 2019, kuma irin waken da aka yi aikin da shi na cibiyar binciken noma ta IITA ne, wadda take da tasha a Kano. Bayanan nan a buɗe suke, kowa na iya saukewa. Abin tambaya shi ne, ɗalibin da yake nazarin wuta-wuta a gonar wake a Samaru ko Minjibir, zai iya buɗe su ya karanta da kansa, ko sai ya tura wa wani a ƙetare ya jira?

Ni bayoloji na karanta, ban san komai a kwamfuta ba sai Word da Excel. Zan iya?

Za ka iya, kuma yawancin waɗanda suka ƙware a fannin daga inda kake suka taso. Abu uku za ka buƙata, kuma a wannan jerin. Na farko baƙin allon Linux, wato ba wa kwamfuta umarni da rubutu maimakon danna hoto. Na biyu yaren R ko Python, ɗaya daga ciki, kada ka kama biyun a lokaci guda. Na uku lissafin ƙididdiga, wanda shi ne ɗalibai suka fi gudu kuma shi ne yake kayar da su a gaban malaman jarrabawa. Makon farko a baƙin allo akwai takaici. Za ka rubuta umarni, ya ƙi, ka yi awa guda kana nema, ashe tazara ɗaya ka bari a sunan fayil. Kowa ya bi ta nan.

Shi kuwa Excel, a yi hattara da shi. Ya daɗe yana mayar da sunayen ƙwayoyin gado irin su SEPT2 da MARCH1 zuwa kwanan wata ba tare da ya gaya wa kowa ba, kuskuren kuma ya shiga takardun bincike da yawa. Abin ya kai a 2020 kwamitin da yake raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan'adam suna ya haƙura ya sauya sunayen, suka koma SEPTIN2 da MARCHF1.

A ina ake samun horo, kuma nawa ake biya?

Mafi yawan horo mai kyau na matakin farko kyauta ne. Cibiyar EMBL-EBI da ke Hinxton a Ingila tana da darussa a shafinta, haka ma rukunin horarwa na Galaxy (dandalin nazarin bayanan halittu ta intanet), haka ƙungiyar The Carpentries wadda ta shahara da bitar kwana biyu, kuma ta bar darussanta a buɗe ga duk malamin da yake so ya koyar da su.

A Afirka, aikin da ya fi barin tarihi shi ne na H3ABioNet, haɗakar cibiyoyi da aka kafa a 2012 ƙarƙashin H3Africa, shirin binciken ƙwayoyin gado da lafiyar 'yan Afirka, da jagorancin Farfesa Nicola Mulder ta Jami'ar Cape Town. Daga 2016 suka fara wani kwas na share fage mai wata uku, wanda tsarinsa ya dace da halin da muke ciki. Malamai suna ɗaukar darasi a bidiyo tun da wuri, kowane aji ya sauke ya ajiye, ɗalibai su taru a ɗaki guda a jami'arsu tare da mataimaka na gida, sannan a haɗu da malamin ta intanet don tambayoyi. Ko layi ya yanke, darasi bai tsaya ba. A shekarar farko an yi ajujuwa 20 a ƙasashe 10. Abin da aka nema daga jami'a kaɗan ne: ɗaki, kwamfutoci, wuta, intanet da mutum biyu ko uku da za su tsaya. Mai son digiri cikakke kuwa, akwai cibiyoyin ƙwarewa a bayo'infomatiks na ACE guda biyu da hukumar binciken cututtuka ta NIAID ta Amurka ta taimaka aka kafa, ɗaya a Bamako a 2015, ɗaya a Jami'ar Makerere ta Yuganda a 2019, ga kuma cibiyar SANBI a Jami'ar Western Cape ta Afirka ta Kudu da take aiki tun 1996.

Laftof ɗina zai isa aikin digirina?

Ya danganta da halittar da kake aiki a kanta. Idan ƙwayar bairos ce ko bakteriya, ko 'yan guntayen DNA da kake so ka kwatanta ka zana bishiyar dangantaka, laftof mai ram (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta take aiki da ita) gigabait 8 zai ja ka, mai 16 ya fi. Ba sai ka goge Windows ba, ana iya girka Linux a cikinsa ta hanyar WSL. Idan kuwa cikakken kundin mutum ne, ɗanyen bayanin mutum ɗaya kawai yana iya kai wa gigabait 100. Haɗa kundin shuka irin gero daga tushe yana cin ram na ɗaruruwan gigabait. Nan laftof sai dai ya yi ta huci har ya ɗauke.

Shawarata, ka zauna da malamin da yake duba aikinka tun kafin a amince da taken bincike, ku lissafa girman bayanan da za su fito da inda za a sarrafa su. Na ga ɗaliba ta haɗa kuɗi da ƙyar ta tura samfura aka karanta mata, aka turo mata mahaɗin saukewa mai wa'adi, ta kwana uku tana saukewa da datar waya a tsakar dare, ya kai kashi casa'in ya yanke. Duba amsar tambayar intanet a ƙasa, da ta wanda jami'arsa ba ta da inji.

Mene ne "kulasta" da ake cewa wasu jami'o'i suna da ita?

Garken kwamfutoci ne masu ƙarfi da aka jera a kanta guda, aka haɗa su da waya mai sauri da rumbun ajiya ɗaya. Ba a zama a gabanta. Daga laftof ɗinka za ka shiga ta intanet, ka rubuta ɗan fayil mai cewa aikina yana son kawunan sarrafa lissafi kaza, ram kaza, awa kaza, ka jefa shi a layi. Wata manhaja, galibi Slurm, ita ce mai rabon layi, kamar ɗan kamasho a tasha: ta duba inda aka samu gurbi ta loda aikinka, idan ya gama ka zo ka kwashi sakamako. Wanda ya nemi fiye da buƙatarsa ya daɗe a layi, wanda ya nemi ƙasa da ita a kashe masa aiki a tsakiya.

Afirka ta Kudu ta ɗauki hanyar tara ƙarfi a wuri guda. Cibiyarta ta CHPC a Cape Town ta ƙaddamar da inji mai suna Lengau a 2016, masu bincike daga jami'o'in ƙasar suna nema a ba su kaso. Cibiyar ta kuma riƙa rarraba tsofaffin injuna da aka yi wa ritaya, wasu daga Texas ta Amurka, ga jami'o'i a ƙasashe irin su Botswana, Zambiya, Kenya da Ghana, tare da horar da masu kula da su. Wannan kashi na ƙarshe shi ne zuciyar shirin, kamar yadda za a gani a amsar tambayar wanda zai kula da inji.

Jami'armu ba ta da irin wannan inji. Shi ke nan na haƙura?

A'a. Buɗe asusu a usegalaxy.eu, wanda Jami'ar Freiburg ta Jamus take riƙe da shi, ko usegalaxy.org na Amurka. Kyauta ne, suna ba da wurin ajiya kimanin gigabait 250, aikin kuma a injunansu yake gudana, kai dai burauza kake buƙata. Babbar fa'idarsa ga mai ƙarancin data ita ce, idan bayanan da kake so suna rumbun bayanan halittu na NCBI na Amurka ko na EBI, lambarsu kawai za ka rubuta, Galaxy ta janyo su kai tsaye ba tare da sun biyo ta wayarka ba. Ka kashe laftof ka tafi masallaci, aiki yana ci gaba.

Hanya ta biyu ita ce haɗin gwiwa da wata cibiya mai inji, su buɗe maka asusu. A nan a yi magana a fili tun farko kan wanda zai yi nazarin da kuma jerin sunaye a takardar da za a wallafa, don kada ka tashi a mai kawo samfur kawai. Sai dai duk hanyoyin biyu ba su halatta ga bayanan marasa lafiya ba sai da izini. Duba tambayar bayanan mutane.

Me ya sa kuke yawan kukan intanet? Ba akwai waya-fai a makaranta ba?

Mu yi lissafi. Fayil mai gigabait 100 a layi mai gudun megabit 10 a daƙiƙa zai ɗauki kusan awa 22, in har layin naka ne kai kaɗai kuma bai yanke ba. Idan gudun ya sauko zuwa megabit 2, wanda shi ne abin da mutum yake samu da rana idan ɗalibai sun cika, ya zama kwana huɗu da rabi. Yanzu ka ninka da samfura 50.

Don irin wannan ne ƙasashe suke gina layin jami'o'i na musamman. Najeriya ta ƙaddamar da nata, NgREN, a 2014 da jami'o'in tarayya 27, akwai kuma WACREN mai haɗa na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Amma layi ya iso ofishin kwamfuta na jami'a daban, ya iso ɗakin gwajinka daban. Sau da yawa matsalar tana cikin mita ɗari biyun ƙarshe, inda wani mai haƙa kwalbati ya datse waya bara ba a gyara ba. Kafin ka zargi kamfani, je ka sami mutanen sashen kwamfuta, ka gaishe su, ka tambayi ko za a iya ware wa ɗakinku layi da daddare. Har gobe kuma, tura faifan ajiya ta mota daga Legas zuwa Kano yakan riga intanet isowa.

Idan jami'a ta samu kuɗi, me ya kamata ta fara saye?

Ba inji ba. Na san wannan amsa ba ta yi wa shugabanni daɗi, domin inji shi ake yanka wa kintinkiri a ɗauki hoto. Na taɓa shiga wani ɗaki a wata jami'a, aka buɗe mini ƙofa da alfahari. Ga saba, wato babbar kwamfutar da ake shiga daga nesa, sabuwa dal, ledar masana'anta ma ba a gama ɓare ta ba, ga ƙurar hunturu ta yi mata lulluɓi. Na'urar sanyaya ɗaki ta mutu tun watan Afrilu, batiran da aka haɗo da ita sun kumbura, wanda ya san kalmar sirrin shiga kuma ya tafi karatu waje. Shekara biyu ke nan, garantin kamfani yana ta ƙarewa a banza. An sayi doki ba a tanadi harawa ba.

Jerin da nake ba da shawara shi ne: mutum, wuta, sanyi, layi, sannan inji. Wuta tana nufin sola da inbata da batira da aka auna su daidai da abin da injin da na'urar sanyi za su ja dare da rana, ba janareton da ake kashewa ƙarfe huɗu idan ma'aikata sun tashi ba. Aikin da ya yi awa 30 yana gudana, ɗaukewar wuta ta daƙiƙa ɗaya ta ishe shi komawa farko, wani lokaci har faifai ya lalace. Sanyi kuwa, a garin da zafi yake haura digiri 40 a bazara, na'ura biyu ake sa wa suna karɓa-karɓa, a kuma toshe kafofin ƙura. Bayan duk wannan, saba ɗaya mai ram da yawa da rumbun ajiya mai kyau ta ishi sashe guda shekaru. Ba sai an fara da kulasta ba.

Wa zai kula da injin?

Ma'aikaci na dindindin wanda wannan ne aikinsa, mai albashi a kasafin jami'a. Shi zai buɗe asusu, ya girka manhajoji, ya lura da faifan da ya fara ciwo, ya toshe ƙofar ɓarayin intanet, ya kuma zauna da ɗalibin da aikinsa ya ƙi tafiya. Abin da aka saba yi shi ne a ɗora wa wani ƙaramin malami mai sha'awar kwamfuta, a kan kwasa-kwasansa da makin jarrabawa, ba ƙarin ko sisi, kuma ranar ƙarin girma a ce masa ina takardun da ka wallafa. Shekara biyu ya gaji, ko wani kamfani ya ɗauke shi da albashi ninki biyar.

Jami'ar da take da niyya za ta horar da mutum biyu, ba ɗaya ba, ta tilasta a rubuta yadda aka girka komai a kundi, kalmomin sirri kuma su kasance a hannun ofis. Sannan ta samar wa irin waɗannan ma'aikata matakan ƙarin girma nasu, kuma masu bincike su saka sunansu a takarda idan gudummawarsu ta kai.

Ba gara a yi hayar inji a intanet ba, irin na Amazon ko Google?

Ga aiki mai zuwa jefi-jefi, haya ta fi. Ka kunna inji mai ram gigabait 500 na kwana biyu, ka gama, ka kashe, ba ruwanka da dizal. Matsalolinta uku ne a wurinmu. Da dala ake biya, kuma kasafin da aka rubuta da naira bara ba lalle ya kai bana ba. Ofishin kuɗi na jami'a ya saba da kwangila da rasit, ba kati mai cirar kuɗi kowane wata ba. Sannan mita ba ta barci: ɗalibi ya manta bai kashe inji ba ya tafi hutun salla, ya dawo ya tarar da bashi. Ana kuma cajin fitar da bayanai daga rumbunsu, abin da mutane da yawa ba sa sani sai sun zo kwashewa. Abin da ya fi dacewa da yawancin sassa shi ne 'yar saba a gida don koyarwa da aikin yau da kullum, haya kuma don manyan ayyuka, a sa mata iyakar kashe kuɗi tun ranar farko.

Daga ina kuɗin zai fito?

Ga jami'o'in gwamnati a Najeriya, ƙofa ta farko TETFund ce, wadda dokar 2011 ta kafa a madadin tsohon asusun ETF. Tana da tallafin bincike na cikin makaranta, da asusun bincike na ƙasa da ake gasa a kansa, da na horar da malamai. Akwai kuma cibiyoyin ƙwarewa da Bankin Duniya ya tallafa, irin cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero da cibiyar cututtukan da aka yi sakaci da su ta Jami'ar Ahmadu Bello. H3Africa kuwa hukumar NIH ta Amurka da gidauniyar Wellcome ta Birtaniya ne suka ɗauki nauyinsa.

Kowane tallafin waje yana da ranar ƙarewa, kuma a ranar ce ake gane ko jami'a ta ɗauki abin nata. Mai ba da tallafi zai sayi inji, da wuya ya sayi batir na shekara ta shida. Saboda haka duk mai rubuta takardar neman kuɗi ya sa layin ajiya da sarrafa bayanai a kasafinsa, ya kuma nemi alkawarin hukumar jami'a a rubuce kan albashin mai kula da inji da kuɗin wuta.

Mun yi bitar mako ɗaya, an raba satifiket. Me ya rage?

Kusan komai. Wanda ya koyi Linux mako guda bai sake taɓawa ba, bayan wata biyu ya koma inda ya fito. Bita tana amfani ne idan mahalarta suna da bayanan kansu da za su koma su yi aiki a kai, da inji da za su shiga, da wanda za su tambaya. Abin da na ga yana aiki ba shi da tsada: zama na awa biyu kowane mako a ɗaki mai wuta, kowa ya zo da matsalarsa, wanda ya riga ya wuce wurin ya nuna wa na baya. Sai kuma a cusa darasin cikin kwas mai maki tun aji uku, malamin bayoloji da na kwamfuta da na ƙididdiga su koyar tare. Wahalar wannan ba ta ilimi ba ce, ta rabon awannin koyarwa ce tsakanin sassa, kuma shugaban tsangaya ne kaɗai yake iya raba wannan gardama.

Bayanan DNA na mutane fa, akwai ƙa'ida?

Akwai, kuma mai tsauri. DNA ba ya ɓoyuwa da goge suna, domin shi kansa shaida ne, kuma yana tona na iyaye da 'ya'ya. Dole a sami amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, a bi ƙa'idojin kwamitin ƙasa na NHREC, da Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023. Takardar yarda ta faɗi a fili, da harshen da mutum yake ji, inda za a ajiye bayanansa da wanda zai gani. Fitar da samfur waje yana buƙatar yarjejeniya a rubuce tsakanin cibiyoyin biyu.

Masu bincike na duniya suna matuƙar son bayanan 'yan Afirka, saboda a nan bambancin ƙwayoyin gado ya fi yawa. Wani binciken H3Africa da aka wallafa a 2020 ya karanta kundin mutum 426 daga ƙabilu 50, cikinsu har da Birom na Filato, ya gano sauye-sauye sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Jami'ar da ba ta da rumbu mai tsaro da mutanen da za su yi nazari, ba ta da bakin ciniki idan aka zo neman irin wannan.

Yaya zan adana bayanaina kada su salwanta?

Kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gini daban. Ɗanyen fayil ɗin da ya fito daga injin karantawa a kulle shi yadda ba za a iya gyara shi ba, a yi aiki a kan kwafi. Duk lokacin da ka sauke ko ka kwafa babban fayil, gwada lambar tantancewarsa ta md5 da wadda aka turo maka, domin fayil yana iya yankewa ya nuna kamar ya cika. Ka rubuta kowane umarni da sigar kowace manhaja a fayil guda kusa da bayanan, saboda ranar kare digiri za a tambaye ka yadda ka sami jadawali na huɗu, kuma wata goma sha takwas sun wuce. Bayanan da ba na mutane ba, da zarar ka gama ka ɗora su a GenBank ko rumbun SRA. Kyauta ne, mujallu ma suna neman lambar kafin su wallafa, kuma rumbunan Amurka da Turai da Japan suna musayar kwafi a tsakaninsu. Faifan da yake cikin jakar laftof ɗinka ba ya cikin lissafin ukun nan, tunda jaka ɗaya ɓarawo zai ɗauka.